Ibnu Shaɗir, Mai Tsaron Lokacin Salla a Dimashƙa

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta.

Malaman fiƙihu sun haɗu a kan cewa shigar lokaci sharaɗi ne na ingancin salla. To, a zamanin da babu agogon hannu, manyan masallatan Masar da Sham sukan ɗauki masani guda, ana kiransa muwaƙƙit, watau mai lissafin lokaci, shi ke gaya wa ladanai sa'ar kiran salla. Mafi shahara cikinsu shi ne Aliyu ɗan Ibrahim, wanda aka fi sani da Ibnu Shaɗir.

An haife shi a birnin Dimashƙa wajen shekara ta 1304 Miladiyya. Mahaifinsa ya rasu yana yaro, ya tashi a hannun dangi, suka koya masa sana'ar ado da hauren giwa. Sa'an nan ya tafi Alƙahira da Iskandariya ya karanta hisabi da ilmin falaki. Da ya komo gida aka naɗa shi muwaƙƙit kuma shugaban ladanai a Masallacin Banu Umayya.

Aikin nan ba ƙarami ba ne. Azahar ba ta shiga sai rana ta gota tsakiyar sama, La'asar kuwa sai inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ya ke da ita da tsakar rana. Inuwa kuma tana sauyawa daga bazara zuwa hunturu. Saboda haka wajen shekara ta 1371 ya sassaƙa agogon rana a kan marmara mai tsawon kimanin mita 2, aka ɗora shi a kan hasumiyar masallacin. Gutsattsarinsa suna gidan kayan tarihi na Dimashƙa.

Yawan duban sama ya sa ya gane kuskuren magabata. Tun ƙarni na 2 Miladiyya masana ke bin tsarin Baɗlamusa, masanin Iskandariya, a kan falakin wata. Bisa lissafinsa, idan wata ya kai rabi yakan kusato duniya har tazararsa ta ragu da kusan rabi. Da haka ne, da sai a ga faɗinsa ya kusa ninkawa, alhali kuwa ido bai taɓa ganin haka ba. Ibnu Shaɗir bai rufe ido don girman mai magana ba. A cikin littafinsa Nihayatus Su'ul ya tsara wa wata sabuwar hanya, ƙaramar da'ira tana juyawa a kan wata da'ira, har lissafi ya daidaita da abin da ake gani. Ya kuma gyara falakan sauran taurari masu tafiya.

Duk da haka ya bar duniya a tsakiya, kamar mutanen zamaninsa. Kofanikus, mutumin Folan, shi ya mai da rana tsakiya a littafinsa na 1543. Amma a 1957 wani mai bincike, Victor Roberts, ya nuna cewa tsarin wata na Kofanikus daidai ya ke da na Ibnu Shaɗir, wanda ya riga shi da shekara fiye da 150. Masana tarihi sun saɓa a kan ko ya samo shi daga littattafan Larabci ne, ko kuwa dacewa ce.

Ibnu Shaɗir ya rasu a Dimashƙa a 1375, watau 777 Hijiriyya. Ya kamata iyayen da ke ganin ilmin kimiyya kayan Turawa ne, har su hana 'ya'yansu, su tuna cewa ma'aikacin masallaci ne ya gyara lissafin wata, kuma neman ingancin salla ne ya ɗaga kansa sama.

Allah Ya jiƙansa, Ya ba mu ilmi mai amfani, amin.