Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, Mai Liya'ul Hukkami

Galibin masu karatunmu sun san Malam Abdullahi na Gwandu a kan shi ƙanen Shehu Usmanu ne, kuma shi ya ja rundunar jama'a a Tabkin Kwatto cikin 1804. Amma mu yau ta fuskar shari'a za mu dube shi, gama a nan alƙalaminsa ya fi barin gurbi.

An haife shi wajen 1766. Ya fara karatu gun mahaifinsu, sa'an nan aka danƙa shi hannun Shehu, ya kuma ɗauki ilmi wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru. Da aka yi hijira zuwa Gudu, shi ya fara yi wa Shehu mubaya'a.

Da nasara ta fara samuwa, sai ya ga abin da bai gamshe shi ba. Waɗansu daga cikin jama'a sun karkata ga neman sarauta, da tara dukiya da dawaki da ƙwaraƙwarai, watau ainihin abin da aka yaƙi sarakunan Haɓe dominsa. Wajen 1807, ana kan hanyar yaƙin Alƙalawa, ya sulale ya bar runduna, ya nufi gabas da niyyar zuwa Makka da Madina. Wazirin Shehu ke nan sukutum ya juya wa mulki baya, abin da ba safai akan ji ba.

Kano ta tare shi. Mutanen birni suka roƙe shi ya zauna ya nuna musu yadda ake tafiyar da hukunci, don sun kori sarki amma ba su riga sun san abin da za su kafa a madadinsa ba. Ya karanta musu tafsiri, ya kuma wallafa musu Liya'ul Hukkami. A ciki ya bayyana sharuɗɗan naɗa shugaba, da aikin waziri, da na alƙali, da na mai hisba a kasuwa, da na mai karɓar kukan waɗanda aka zalunta. Ya jawo nasihohin da Shehu Magili ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa shekara fiye da 300 kafin nan, ya sake ɗora su gaban Kanawa. Abin da muka fi lura da shi, littafin bai tsaya ga laifin talaka ba: wuyan mai mulki ya fara ɗaura wa igiya, ya hana sayen muƙami, ya hana alƙali karɓar toshi, ya ƙi yarda sarauta ta zama gado kawai. A ganinmu, wanda ya gudu daga mulki shi ya fi cancanta ya rubuta irin wannan.

Daga Kano ya fasa tafiya, ya komo gida. Cikin 1812 Shehu ya ba shi riƙon ƙasashen yamma. Da Shehu ya rasu a 1817 aka naɗa Muhammadu Bello, tsakaninsu ya yi sanyi, har sai da Bello ya kawo masa gudummawa a yaƙin Kalambaina, nan ya yi wa ɗan wansa mubaya'a.

Bai aje alƙalami ba. Ya yi tafsirin nan Liya'ut Ta'awili, da Ta'alimur Radi a kan yadda mutum ke mallakar ƙasar da ba mai ita, mas'alar da har yanzu take kai manoma gaban alƙali. Ya rasu cikin Hijira 1245, watau 1829, aka binne shi a Gwandu.