Tuna Baya: Babban Gwani, Maginin Zariya Da Ya Bar Wa 'Ya'yansa Sana'a

Duk wanda ke nema a Legas, Ibadan, Fatakwal ko Onica, in ka tambaye shi burinsa, zai ce maka ya samu ya kafa gida a garinsu. Daga 'yan kara har masu canji da masu kayan gwari, kowa tara kuɗin siminti yake. Shi ya sa yau muka ɗauko tarihin wani magini da ya yi zamani kusan shekara 200 da suka wuce, wanda har yanzu ake zuwa kallon aikinsa.

A Zariya an fi saninsa da Malam Mika'ilu, a Bauchi kuma Muhammadu Durugu. Amma sunan da ya bi shi ko'ina shi ne Babban Gwani. Ya rayu a ƙarni na 19, bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, lokacin da sababbin sarakuna ke neman wanda zai gina musu masallatai da gidaje.

Aikin da ya fito da shi duniya shi ne Masallacin Juma'a na Zariya, wanda ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wajen shekarun 1830 zuwa 1840. Babu siminti, babu rodi. Ƙasa ce da tubali da azara. Ita azara daga giginya ake tsaga ta, gara ba ta cin ta, sai dai ba ta iya ɗaukar nauyin rufi in faɗin ɗaki ya yi yawa. To a nan gwanintar take. Sai ya riƙa jera azara a cikin bango, kowane sahu ya ɗan fi na ƙasa fitowa, ana ɗaurewa ana lulluɓewa da ƙasa, har ɓangarorin biyu su haɗu a sama su zama baka. A kan bakunan nan ake ɗora tulluwa. Da wannan dabarar ya samu fili mai faɗi da rufi mai tsawo, ya kuma ƙawata ginshiƙai da zane.

A shekarun 1970 an yi sabon ginin masallacin, aka bar wani sashe na tsohon a cikinsa. Wani masanin gini ɗan ƙasar Poland, Dmochowski, ya auna ginin ya zana shi, kuma akwai kwafinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Amma fa ba masallaci kaɗai ya gina ba, ya gina gidajen zama. Shi ake danganta wa gidan Madakin Bauchi da ke Kafin Madaki, a ƙaramar hukumar Ganjuwa, wanda aka gina wajen 1860. Tun 1956 aka sa gidan cikin kayan tarihin ƙasa. A fadar Sarkin Bauchi ma akwai soron da ake kira da sunansa.

In ka duba irin gidajen da magina na zamaninsa ke yi, za ka ga iyali aka fara sawa a gaba kafin a sa tubali. Zaure na bakin hanya, nan maigida ke karɓar baƙi, nan ake cin abinci da maƙwabta, nan yara ke karatun allo. Daga nan sai ƙofar gida, inda samari da baƙi ke kwana. Sai shigifa, wadda baƙon namiji ba ya wuce ta. Sannan cikin gida, inda mata ke sakewa, ga turaka, ga madafa, ga filin da za a ƙara ɗaki in ɗa ya yi aure. Bango mai kauri yana hana zafin rana shiga, da sanyi kuma ya riƙe ɗumi. A shafe waje da makuba ta ɓawon ɗorawa, a sa indararo ya kai ruwan sama nesa da bango.

Shi kansa Babban Gwani bai bar sana'ar ta mutu da shi ba. Ya koya wa 'ya'yansa, su ma suka koya wa nasu. Unguwar da ya zauna a cikin birnin Zariya har gobe sunanta Babban Gwani, kuma zuriyarsa sun daɗe suna riƙe da sarautar Sarkin Magina. Wallahi wannan ba ƙaramin gado ba ne. Mutane nawa ne suka tara dukiya a zamaninsa, yau ko sunansu ba a sani ba?

Labarin baka ya ce ƙarshensa a Birnin Gwari ya zo. Bayan ya gama wa sarkin garin gini, sai aka kashe shi don kada ya je ya yi wa wani wanda ya fi shi. Aka raba shi da ransa, amma ilimin ya riga ya shiga hannun 'ya'ya.

To 'yan'uwa, ga inda abin ya shafe mu. Yau mutum zai yi shekara goma yana fama a kara, ya tura kuɗi gida, a kwaikwayo masa fulat irin na Legas. Bulo da kwano, babu zaure, babu tsakar gida. Watan Afrilu ya zo ɗaki ya koma tanda, baƙo ya zo sai falo, matan gida su rasa inda za su sake. Ba cewa ake a koma ginin ƙasa dole ba, shi ma yana son yaɓe duk shekara. Amma kafin ka biya kuɗin zane, zauna da magini ka lissafa iyalinka, ka bar zaure, ka bar fili, ka ɗaga rufi.

Sannan mu da muka taso a hannun iyaye masu sana'a, mu tsaya mu koya tun suna raye, mu kuma koya wa na bayanmu.

Allah ya jiƙan Babban Gwani, ya sa aljanna ce makoma. Mu kuma Allah ya ba kowa ikon yin nasa muhallin. Amin.