Alfred Büchi, Mutumin Da Ya Mai Da Hayaƙi Ƙarfi

Masu ƙara wa motocin tsere na Japan ƙarfi suna da yawa a duniya, amma kaɗan ne daga cikinsu suka san wanda suke cin gajiyarsa. Saboda haka muka ga ya kyautu mu ba masu karatu labarinsa.

An haifi Alfred Büchi a garin Winterthur na ƙasar Suwizalan cikin 1879. Ubansa babba ne a kamfanin Sulzer mai ƙera injuna. Ya gama karatun injiniya a Zurich cikin 1903, sa'an nan ya taɓa aiki a Beljiyam da Ingila.

Abin da ya dame shi kuwa shi ne, yawancin zafin man da inji ke ƙonawa yana fita a banza, musamman tare da hayaƙi. Sai ya yi dabara: hayaƙin nan ya juya wata farfela, ita kuma ta juya 'yar'uwarta wadda ke cusa iska cikin inji. Duk wanda ya taɓa ganin maƙeri yana zuga ya san abin da iska ke yi wa wuta. Wannan ita ce na'urar da makanikai ke kira turbo. Ya yi rajistar dabarar cikin 1905.

Amma fa sai da ya shekara ashirin yana fama kafin ta yi aiki sosai, cikin 1925. Aka sa ta a jiragen ruwa biyu na Jamus, Preussen da Hansestadt Danzig, ƙarfin injinsu ya tashi daga doki 1,750 zuwa 2,500. A ganinmu haƙurin nan bai gaza dabarar ba.

Ya rasu cikin 1959, bai ga na'urarsa a ƙananan motocin kasuwa ba. Amurka ta fara sa ta cikin 1962, Nissan ta Japan cikin 1979. Daga nan aka sami Skyline GT-R ta 1989 da Toyota Supra ta 1993, kowace da turbo biyu. Masu irin waɗannan motoci sukan sa farfela mafi girma, su ƙara matsin iska, su sanyaya ta kafin ta shiga inji. Wanda ya ƙara iska bai ƙara mai daidai da ita ba, fistin ɗinsa kan narke.