Maurice Ravel: Gwanin Kiɗan da Kalmomi Suka Guje Masa

An haifi Maurice Ravel ranar 7 ga Maris 1875 a Ciboure, ƙaramin gari na bakin teku a kudu maso yammacin Faransa. Yana ɗan shekara 14 ya shiga babbar makarantar kiɗa ta Faris, kuma kafin ya kai hamsin sunansa ya game Turai wajen tsara kiɗa. A 1928 ya fitar da Boléro, wanda har yau ake kaɗawa ko'ina a duniya.

A watan Oktoba 1932 ya bugu a kai cikin hatsarin tasi a Faris, ko da yake makusantansa sun lura da ƴan alamun rauni tun kafin nan. Daga 1933 abin ya fito fili. Kalmar da yake nema sai ta ɓace masa, musamman sunayen abubuwa, rubutu kuma ya gagare shi. An ruwaito cewa wata gajeriyar wasiƙar ta'aziyya ta ci masa kwana takwas, yana duba ƙamus. Wasan opera da ya ƙudurta yi kan Jeanne d'Arc bai taɓa sauka a takarda ba.

Likitan ƙwaƙwalwa Théophile Alajouanine ya bi ciwon nasa, ya kuma wallafa bayaninsa a 1948. Abin da ya gano shi ne ya fi shafar ɗalibin ilimin harshe. Fahimtar magana ta fi furta ta sauƙi ga Ravel, kuma haka abin yake a kiɗa: in aka kaɗa masa aikinsa yakan gane shi nan take, har ya nuna inda aka yi kuskure, amma ya kasa rubuta shi da alamomin kiɗa ko ambaton sunayen sautukan. Hankalinsa na nan, ya kuma san abin da yake rasawa. Wato sanin abu daban, iya fitar da shi ta baki ko ta hannu daban.

A watan Disamba 1937 likitan fiɗa Clovis Vincent ya buɗe kansa bai sami ƙari ba. Ravel ya rasu ranar 28 ga watan, yana da shekara 62. Ba a bincika ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwa ba, shi ya sa masana ke saɓani har yanzu. Da yawa suna ganin nau'i ne na ciwon da ke cinye sashen goshi da na gefen ƙwaƙwalwa, wanda Arnold Pick ya fara bayyanawa a 1892. A wasu nau'o'insa da ba a cika gani ba, ciwon yakan soma da harshe shekaru kafin ya taɓa tunawa, kuma Marsel Mesulam ya keɓe irin wannan afaziya mai ci gaba a hankali a 1982. Tarihin Ravel na cikin misalan da masu nazarinta ke yawan komawa gare su.