Sime Silverman, Ma'aunin 'Yan Wasan Amurka

A ƙasar Amurka, tun daga wajen shekarar 1880 har zuwa wajen 1930, babu abin da ya ke tara jama'a a birane kamar wani irin wasa da su ke kira vaudeville, wato wasa iri-iri. Mutum ya biya kuɗin shiga sau ɗaya, ya zauna ya kalli ƙungiya takwas ko tara suna fitowa bi da bi: mawaƙa, da 'yan rawa, da 'yan kama, da masu dabo, da masu wasa da karnuka ko birai, da masu tafiya bisa igiya. Dubban mutane da wannan sana'a su ke ci da iyalinsu, suna yawo gari gari a jirgin ƙasa. To, abincin kowannensu ya rataya ga magana guda, wato wa zai ce wannan gwani ne, wancan kuwa da saura. A kan wannan magana Sime Silverman ya ƙare kwanakinsa.

An haife shi a garin Cortland, cikin jihar New York, a shekarar 1873. Iyayensa Yahudawa ne, ubansa kuwa harkar kuɗi ya ke yi. Da ya tasa ya taya uban aiki, amma hankalinsa yana gidajen wasa. A 1903 ya fara rubuta wa wata jarida ra'ayinsa a kan wasannin da ya kalla, yana sa hannu da laƙabin Mutumin Layi na Uku. Da jaridar ta mutu, sai ya koma wata mai suna Morning Telegraph.

A nan ne ya gamu da abin da ya juya rayuwarsa. A 1905 ya kalli wani wasa, ya ga bai yi kyau ba, ya rubuta haka. Ashe masu wasan sun riga sun ba jaridar talla ta dala 50. Nan da nan aka sallame shi. A zamanin nan al'ada ce, wanda ya ba da talla a yabe shi, ko ya iya ko bai iya ba. Silverman ya ga yabon da a ke saye ba shi da amfani ko ga wanda ya saya, tun da kowa ya san da kuɗi aka same shi. Sai ya karɓi rancen dala 1,500 daga surukinsa, ya kafa jaridarsa ta mako mako, ya sa mata suna Variety, ma'anarsa iri-iri. Ta fara fitowa ran 16 ga Disamba, 1905, tana da shafi 16.

Domin masu karatu su gane nauyin abin da ya ɗauka, ya kamata a bayyana yadda a ke auna 'yan wasa a lokacin. Manyan gidajen wasa na gabashin ƙasar suna hannun B. F. Keith da mataimakinsa E. F. Albee. A 1906 suka kafa babban ofishi a New York wanda ya ke raba wa 'yan wasa aiki, yana cire kashi 5 cikin 100 na albashinsu. Kowane mako manajan kowane gida ya kan aika da rahoto zuwa ofishin nan: minti nawa kowace ƙungiya ta yi, jama'a sun yi dariya ko sun yi shiru, wace maganar batsa aka sa su cire. Da rahoton nan a ke yanke albashi, da shi a ke ɗaukaka mutum ko a kore shi, alhali kuwa shi mai wasan ba a nuna masa abin da aka rubuta a kansa.

Har wa yau, matsayin mutum a jerin wasannin yini shi ma ma'auni ne. Masu fitowa da farko galibi waɗanda ba su magana ne, kamar masu alkafura ko masu dabbobi, domin a lokacin 'yan kallo suna ta shigowa da surutu. Na kusa da ƙarshe shi ne wurin babban gwani. Haka kuma gidajen sun kasu biyu: manya, inda a ke wasa sau biyu a yini, da ƙanana, inda a ke yi sau uku ko fiye, ga wahala ga ƙarancin lada.

Abin da Silverman ya yi shi ne ya fito da awon nan fili. Ya keɓe shafi domin sababbin wasanni. A kan kowanne a kan faɗi sunan masu shi, da irinsa, da mintocinsa, da gidan da aka gan shi, sa'an nan a faɗi yadda jama'a suka karɓe shi, da inda ya yi tsawo har ya gundura, da matsayin da ya cancanta a jeri, da irin gidajen da zai yi kasuwa. Wanda ya saci barkwancin wani a kan tona shi. Marubucin kuma dole ya sa hannu, ko da gajeren laƙabi ne. Shi kansa da Sime ya ke sa nasa. Har ɗansa Sidne, yaro ɗan shekara bakwai, ya kan kai shi kallo, a buga abin da yaron ya faɗa da laƙabin Skigie, domin yaro bai san kara ba.

Ba a daɗe ba manajoji suka fara dogara ga shafin nan, 'yan wasa kuma suka sami shaidar da za su nuna in ana cinikin albashi. Wannan bai yi wa Albee daɗi ba, balle da jaridar ta riƙa sukar yadda ofishinsa ya danne sana'ar. Sai ya sa aka gargaɗi 'yan wasa, duk wanda ya ba Variety talla ya fid da rai ga samun aiki a gidajensa. Talla ta ƙafe, bashi ya hau kan Silverman, jaridar ta kai bakin mutuwa. Amma bai sake ma'auninsa ba, ya daure har guguwar ta wuce. A 1919 ma, da 'yan wasan kwaikwayo na New York suka yi yajin aiki, bayansu ya bi.

Idonsa bai tsaya ga dandali kaɗai ba. Tun a watan Janairu na 1907 jaridarsa ta fara auna hotunan sinima. A shekarun 1920 kuma ta shiga auna masu awon kansu: ta kan lissafa sau nawa kowane marubucin manyan jaridu ya ce wasa zai karɓu ya kuwa karɓu, sau nawa ya kuskure, ta buga sakamakon kowa ya gani.

Daga baya rediyo da sinima mai magana suka janye 'yan kallo. A 1928 mulkin gidajen Keith ya fita daga hannun Albee, ya kuma rasu a 1930. A 1932 gidan Palace na New York, wanda tun 1913 ya ke burin kowane ɗan wasa, ya bar yin wasa sau biyu a yini. Silverman ya ga inda sana'a ta nufa, a 1933 ya buɗe wa jaridarsa reshe mai fitowa kullum a Hollywood. A watan Satumba na shekarar ya rasu a Los Angeles, yana da shekara 60, bayan ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji. Ɗansa Sidne ya gaje shi.

Wasa iri-iri ya shuɗe, jaridar kuwa ta wuce shekara ɗari ana karanta ta. Duk wanda aka ba alƙalami domin ya auna aikin wani, ko na ɗalibi ko na ma'aikaci, ya tuna abincin mutum ne a hannunsa, ya rubuta abin da idonsa ya gani, ya sa sunansa a ƙarƙashi.