GEORGES MÉLIÈS, MAI SIDDABARUN DA YA KAI SILIMA DUNIYAR WATA

Shekara 67 kafin Amurkawa su taka doron wata cikin 1969, wani Bafaranshe ya riga ya nuna wa jama'a irin wannan tafiya a majigi, da katako da kwali da fenti kawai. Sunansa Georges Méliès, an haife shi a birnin Faris ran 8 ga Disamba, 1861.

Mahaifinsa attajiri ne mai masana'antar takalma, amma shi ɗan, hankalinsa na wajen zane da siddabaru. Cikin 1888 ya sayar da rabonsa ga 'yan'uwansa, ya sayi gidan wasa na Robert-Houdin. Da 'yan'uwan nan biyu, watau su Lumière, suka nuna hoto mai motsi a ƙarshen 1895, Méliès ya nemi su sayar masa da na'urarsu, suka ƙi. Sai ya sayo wata daga Landan, ya gyara ta da hannunsa ta zama ta ɗaukar hoto. Cikin 1897 ya gina ɗakin aiki na gilashi a Montreuil, domin hasken rana shi ne fitilarsa.

A nan ya shirya fim fiye da 500, amma wanda ya fi shahara shi ne na 1902, Le Voyage dans la Lune, watau Tafiya Zuwa Wata. Tsawonsa wajen rubu'in awa ne. Masana taurari shida ne suka shiga kumbo mai siffar harsashi, aka harba su da ƙatuwar igwa, kumbon ya je ya cake a idon wata, wanda aka yi wa fuska irin ta mutum. Can suka gamu da mutanen wata, waɗanda da an buge su da lema sai su fashe su zama hayaƙi. Dabarar kuwa mai sauƙi ce: a tsayar da na'ura, ɗan wasa ya fice, a tayar da hayaƙi, sa'an nan a ci gaba da ɗauka, daga baya a haɗa fim ɗin yadda ido ba zai gane ba. Shi ya tsara labarin, shi ya zana bangon, shi ne kuma ya fito a shugaban masanan. Masu fim na sararin samaniya da ƙaramin jari sun daɗe suna cin moriyar irin wannan dabara a bayansa.

To, ribar fa ba ta shiga aljihunsa yadda ya kamata ba. Kamfanonin Amurka suka yi ta kwafar fim ɗin suna sayarwa ba izini, har ya tura wansa Gaston ya buɗe ofis a New York cikin 1903. Sa'an nan kasuwa ta juya, bashi ya hau shi, ya daina fim kafin Yaƙin Duniya na Farko. A lokacin yaƙin aka narkar da finafinansa masu yawa don a ciri azurfar da ke jikinsu. Cikin 1923 aka rushe gidan wasansa, shi kuma don takaici ya cinna wa abin da ya rage a hannunsa wuta.

Daga nan ya koma sayar da alewa da kayan wasan yara a wani ɗan shago a tashar jirgin ƙasa ta Montparnasse, tare da matarsa Jehanne d'Alcy. Sai cikin 1929 aka tuna da shi aka yi masa biki, aka kuma ba shi lambar girma ta Faransa cikin 1931. Ya rasu ran 21 ga Janairu, 1938, yana da shekara 76.

Kimanin 200 ne daga finafinansa suka tsira, daga kwafe-kwafen da suka warwatsu cikin ƙasashe. Cikin 2008 kamfanin Flicker Alley ya tara 173 a faifan DVD don kallo a gida. Akwai kuma kwafin Tafiya Zuwa Wata mai launi, wanda aka shafa wa fenti da hannu hoto bayan hoto. An same shi a Barsalona cikin 1993, ya manne da juna saboda tsufa. Aka sha wahalar ɓamɓare shi da gyara shi, aka nuna shi a bikin finafinai na Cannes cikin 2011, ya fito a faifan Blu-ray cikin 2012.