Ramanujan, akawun da ya ba masana lissafin Ingila mamaki

An haifi Srinivasa Ramanujan a 1887 a garin Erode, kudancin Indiya, a gidan talakawa. Lissafi ya ɗauke masa hankali har ya yi watsi da sauran darussa, ya faɗi jarrabawa, aka janye masa tallafin karatu. Ya kama aikin akawu a tashar jiragen ruwan Madras, yana cika littattafai da ƙa'idojin da ya gano da kansa. A 1913 ya aika wa masani Hardy na jami'ar Kambirij wasiƙa. Hardy ya ga baiwarsa, ya gayyace shi Ingila. Rashin lafiya ya maido shi gida a 1919, ya rasu a 1920 yana ɗan shekara 32. Har yau masana na nazarin abin da ya bari.